Benen da Masu Zane Suka Hana Shi Sakat

Da wuya a sami ginin da masu zane da masu shirya fim suka wahalar kamar benen Empire State na birnin New York. Sun ɗora masa gwaggon biri a ka. Sun kwantar da shi a gado kamar mutum. Sun daskarar da shi cikin ƙanƙara, sun sa ruwan teku ya ci unguwarsa, sun turo baƙi daga wata duniya sun tarwatsa shi da wuta. Shi kuwa yana nan tsaye a Manhattan, a bakin titi na biyar, tun 1931, ana karɓar kuɗin haya a ofisoshinsa kamar kowane gini. Yau duk wanda yake da waya da intanet zai iya sa shi ya narke ko ya yi fiffike cikin minti guda. Tun da abin ya yi arha haka, ya kamata a tsaya a tambaya: me ya sa wannan ginin ne kullum, kuma a cikin tarin hotunan nan wanne ne yake da abin cewa, wanne ne ado kawai?

Salon da ake magana a kansa shi ne wanda Turawa suke kira suriyalizim, wato zanen mafarki. Marubucin Faransa André Breton ne ya fitar da takardar manufofinsa a Paris a 1924, bayan yaƙin duniya na farko ya nuna wa matasan Turai irin ɓarnar da masu hankali da lissafi za su iya yi. Sun karanta Sigmund Freud, sun yarda cewa abin da mutum yake gani cikin barci yana tona abin da yake ɓoyewa da rana. Dabararsu ba wuya a faɗe ta: ka ɗauki abin da kowa ya sani, ka zana shi tsaf yadda ba wanda zai yi musu, sannan ka ajiye shi inda bai kamata ya kasance ba, ko ka sa shi yin abin da ba halinsa ba ne. Agogunan Salvador Dalí da suka yi laushi suna rataye a reshe su ne misalin da ya fi yaɗuwa, kuma an zana su a 1931, shekarar da aka buɗe Empire State. Sharaɗin farko ke nan: dole abin ya zama sananne. Mafarki a kan ginin da ba wanda ya gane ba ya tayar wa kowa da hankali.

To, New York ta sami fuskar da ake ganewa daga nesa, kuma abin mamaki doka ce ta ba ta. A 1915 aka gama wani ƙaton gini mai suna Equitable a kusa da titin Wall Street, ya miƙe sama sambal daga bakin titi ba tare da ya ja da baya ko kaɗan ba, inuwarsa ta rufe maƙwabta. Koke ya yi yawa, sai a 1916 birnin ya kafa dokar tsara gine-gine: in bene ya kai wani tsayi dole ya matsa ciki, in ya ƙara tashi ya ƙara matsawa, don rana da iska su sauko titi. Sai a kan kashi ɗaya cikin huɗu na filin ne kawai mai gini yake da izinin ya yi sama yadda ya ga dama. Daga nan benayen birnin suka sami kafaɗu da wuya da kai.

Mutumin da ya fara ganin abin da ke cikin wannan doka shi ne Hugh Ferriss, wanda ya karanta zanen gini amma ya zaɓi ya riƙa zana wa wasu hotunan ayyukansu. A 1922 ya yi zane huɗu da gawayi, yana nuna yadda dokar take sassaƙa gini mataki mataki. Aikin lissafi aka ba shi, amma abin da ya fito daga hannunsa duwatsu ne baƙaƙe marasa taga, haske yana taso musu daga ƙasa cikin hazo, mutum a gindinsu bai kai ƙwayar gero ba. Ya tattara irin waɗannan a littafinsa The Metropolis of Tomorrow a 1929. Ferriss bai taɓa shiga ƙungiyar Breton ba, amma birnin dare da ake gani a finafinan Batman da ire-irensu daga gawayinsa ya samo asali. Abin lura shi ne jerin yadda abubuwa suka zo: zanen ya riga ginin. Masu kuɗi sun ga mafarkin a takarda, ya burge su, suka ce a gina musu.

Yadda aka gina ɗin ma labari ne da in marubuci ya ƙaga shi za a ce ya cika ƙari. A 1929 attajirin motoci Walter Chrysler yana tsere da masu wani bene a lamba 40 a titin Wall Street, kowa yana son nasa ya fi tsawo a duniya. Mai zanen ginin Chrysler, William Van Alen, ya sa aka harhaɗa wani dogon tsinin ƙarfe a ɓoye cikin kan ginin. Da abokan hamayya suka saki jiki suna ganin sun yi nasara, sai a watan Oktoba aka zaro tsinin ta sama, ginin ya kai mita 319, ya wuce hasumiyar Eiffel. Kwanaki kaɗan bayan haka kasuwar hannun jari ta rushe. Duk da haka John Raskob, tsohon babba a kamfanin General Motors, da Al Smith, tsohon gwamnan jihar, suka ci gaba da nasu. An fara aikin Empire State a watan Maris na 1930, aka buɗe shi ranar 1 ga Mayu 1931, hawa 102, mita 381. Sarautar Chrysler ba ta daɗe ba. Sai dai ginin da ya yi nasara ya buɗe ƙofa cikin tsananin talauci, benaye da yawa ba mai haya, har mutanen gari suka riƙa yi masa ba'a cewa kango ne. Sai wajen farkon shekarun 1950 ya fara kawo riba.

Kan nasa kuwa, wanda shi ne yake sa a gane shi ko a inuwa, an sayar wa jama'a da shi a matsayin tashar jiragen balan-balan. Wai jirgi zai taso daga Turai, ya ɗaure hanci a ƙololuwar bene, fasinjoji su bi wata 'yar gada a sararin sama su shiga ciki, su sauka da lif zuwa titi. Jaridu sun buga hoton jirgi a ɗaure a wurin, alhali hoton haɗi ne, an yanko an manna. A zahiri iskar da ke kaɗawa a can sama ba ta barin komai ya tsaya. Wani ƙaramin jirgi ya taɓa ɗaurewa na 'yan mintuna a watan Satumba na 1931, shi ke nan labarin ya ƙare. Amfanin tashar na gaskiya shi ne ta ƙara wa ginin kimanin mita 60 don kada Chrysler ya sake zaro wani abu daga aljihu. Wato hoton mafarki na farko da aka yi wa Empire State ba wani ɗan tawayen fasaha ne ya yi shi ba, 'yan talla ne.

A watan Janairu na wannan shekarar kuma, a wani bikin rawa na masu zanen gine-gine a otal ɗin Astor, manyansu suka fito kowa sanye da kayan da aka ɗinka da siffar benensa. Van Alen ya tsaya a tsakiya da tsinin Chrysler a kansa. Hoton yana nan. Mutane sun zama gine-gine tun kafin wani ya yi tunanin mai da gine-gine mutane.

Wannan ne ya sa 'yan suriyalizim na asali, da suka iso daga Turai, ba su yi wa birnin wani abin a zo a gani ba. Dalí ya sauka a New York a watan Nuwamba na 1934. Kamar yadda shi da kansa ya ba da labari, ya sa an gasa masa wani burodi da ya fi mutum tsawo a cikin jirgin ruwa, ya rungumo shi gaban 'yan jarida yana jiran su ruɗe. Suka yi masa tambayoyi iri-iri, ba wanda ya ko ɗaga maganar burodin. A 1939 wani babban kanti mai suna Bonwit Teller ya ɗauke shi ya ƙawata musu tagogin baje kaya. Ya yi abin da ya saba, masu sayayya suka koka, kantin ya canza aikin ba da saninsa ba. Ya zo a fusace ya kifar da bahon wankan da ya sa a ciki, baho ya fasa gilashi ya fito titi, shi ma ya biyo baya, 'yan sanda suka tafi da shi. Ya yi suna ƙwarai a Amurka, ya kuma yi kuɗi, amma ba a tuna shi da wani zane na benayen birnin. Breton ma ya yi zaman gudun hijira a New York daga 1941 zuwa bayan yaƙi, bai bar wani abu a kan gine-ginenta da ake ambato ba. A ganina dalilin a fili yake. Salon nasu an ƙirƙire shi ne don ya girgiza tsofaffin biranen Turai masu ladabi da tsari. Garin da ya riga ya ɗora tashar jirgi a kan hawa na 102 ba dogon burodi ne zai ba shi mamaki ba.

Wanda ya yi wa ginin hoton da ya manne masa har abada ɗan Hollywood ne. Fim ɗin King Kong na Merian Cooper da Ernest Schoedsack ya fito a watan Maris na 1933, ginin bai cika shekara biyu ba. Birin da aka gani yana hawan bene 'yar tsana ce da ba ta kai mita ɗaya ba, Willis O'Brien da mutanensa suna motsa ta kaɗan kaɗan suna ɗauka. Amma sharuɗɗan zanen mafarki duk sun cika: abu mafi sabunta a duniya da abu mafi daɗewa a tsoron ɗan Adam, an haɗa su wuri guda, jiragen yaƙi suna kewaye su kamar ƙudaje.

Ƙarfin hoton yana cikin abin da bai faɗa da baki ba. An je wani tsibiri mai nisa, an kamo wata halitta da mutanen wurin suke girmamawa, an ɗaure ta da sarƙa, an tsallako da ita teku a jirgin ruwa, an baje ta a dandali masu kuɗi suna biya suna kallo. Masu sharhi da dama, musamman baƙaƙen fata na Amurka, sun daɗe suna cewa wannan labarin bauta ne aka sa masa gashi, kuma yadda fim ɗin ya nuna mutanen tsibirin ya isa shaida kan irin kallon da masu shirya shi suke yi wa wanda ba Bature ba. Ina ganin suna da gaskiya. Sai dai fim ɗin ya kuɓuce wa masu shi, domin ɗan kallo yana fita ne yana tausayin birin, ba matuƙan jirgin ba. A shekarar da miliyoyin Amurkawa ba su da aikin yi, ganin wani ya hau kan benen attajirai yana dukan ƙirji ba ƙaramin abu ba ne. Da aka sake fim ɗin a 1976 an mai da birin kan tagwayen benaye na World Trade Center, waɗanda suka ƙwace kambun tsayi a farkon shekarun 1970, amma bai zauna ba. Akwatuna biyu masu shafaffen kai ba su da wurin riƙo, a ido ma haka. Peter Jackson ya dawo da shi gida a 2005.

Aikin da na fi ɗauka da muhimmanci a duk wannan tarihi na wata mata ce 'yar ƙasar Holan, Madelon Vriesendorp. A farkon shekarun 1970 ita da mijinta na lokacin, mai zanen gini Rem Koolhaas, suna zaune a New York, tana tara tsofaffin katunan hoto na birnin da ake sayar wa baƙi. A 1975 ta yi zanen da ta kira Flagrant Délit, wanda ya zama bangon littafin Koolhaas, Delirious New York, a 1978. Ɗaki ne da gado. A kan gadon Empire State da Chrysler ne a kwance, sun yi laushi kamar jikin mutum. Ƙofa ta buɗe, babban benen Rockefeller Center ya leƙo yana haska su da fitila, ya kama su dumu-dumu. Fitilar gefen gado hannun mutum-mutumin 'yanci ne riƙe da tocilarsa. Shimfiɗar ƙasa taswirar titunan Manhattan ce. Ta taga kuma sauran benayen gari sun yi cirko-cirko suna kallo, kowanne da kan mutum.

Mutum zai yi dariya da farko, kuma an yi shi ne don a yi dariyar. Amma wanda ya san tarihin da aka ambata a sama zai ga ba a sa komai a banza ba. Waɗannan biyun su ne suka yi kishi a 1930, kowa yana miƙa wuya. Ga su an tara su a shimfiɗa ɗaya, ashe tun can jinsinsu guda. Wanda ya kama su kuwa shi ne ginin da ya zo bayansu da wani hali dabam: Rockefeller Center aikin kwamiti ne, na lissafin haya da murabba'in ƙafa, ba na attajiri ɗaya mai son a san da shi ba. Zamanin hankali ya buɗe ƙofa ya tarar da zamanin hauka. Akwai kuma abin da ya fi wannan kaifi. Shekara arba'in maza suna magana a kan dogayen benaye da kalmomin ƙarfi da tsayuwa da fin kowa, sai mace ta zo ta kwantar da su, ta nuna su a gajiye, abin kunya ya same su. Kowa ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake. Kuma ta yi zanen ne a shekarar da birnin New York ya kusa tsiyacewa, ya kasa biyan bashinsa, gwamnatin tarayya ta fara juya masa baya. Shekaru da yawa ana buga hoton ana danganta shi da littafin mijin, sunanta a ƙananan haruffa. Sai daga baya aka fara shirya mata nune-nune da sunanta.

Andy Warhol ya bi ta wata hanyar da ba wanda ya zata. A daren 25 ga Yuli 1964 ya kafa kyamara a hawa na 41 na ginin Time-Life, ya auna ta kan Empire State, ya bar ta. Ba labari, ba sauti, ba motsi. Rana ta faɗi, fitilun kan benen suka kama, can cikin dare aka kashe su, sauran duhu ne. Ya ɗauki kimanin awa shida da rabi, ya rage gudun fim ɗin wajen nunawa ya zama awa 8 da minti 5. Kusan ba wanda yake kallonsa daga farko har ƙarshe, kuma ban ga laifin kowa ba. Amma waɗanda suka daure suna ba da labarin abu guda: bayan wani lokaci ginin yana daina zama gini, ya koma wani farin abu yana shawagi cikin baƙi. Warhol bai ƙara masa biri ko gado ba, lokaci kawai ya ƙara masa, ya kuma isa inda masu narkar da agogo suke son isa.

Sai kuma ɓangaren da ya fi yawa ya kuma fi rauni, wato rushe birnin. Independence Day a 1996 ya sa jirgin baƙi ya tsaya daidai kan tsinin ya fasa ginin daga sama har ƙasa. The Day After Tomorrow a 2004 ya sa sanyi ya bi shi yana farfasa tagogi. Irin waɗannan suna amfani da benen ne kamar sandar awo: in ruwa ya kai masa wuya, ɗan kallo a ko'ina yake a duniya ya san girman bala'in ba sai an yi masa bayani ba. Dabara ce mai aiki, amma ba ta gaya maka komai game da ginin ko mutanen da ke cikinsa.

Ga shi kuma gaskiya ta sha riga su. Ranar 28 ga Yuli 1945 wani jirgin yaƙin Amurka samfurin B-25 ya ɓata cikin hazo ya daki Empire State a wajen hawa na 79, mutum 14 suka mutu, wata mai aikin lif ta faɗo hawa 75 a cikin lif ɗinta ta kuma rayu. Ranar 11 ga Satumba 2001 kuwa, da aka kai hari aka rushe tagwayen benayen World Trade Center, abin da shaidu suka yi ta maimaitawa shi ne kamar fim. Amsar da masu zane suka bayar a lokacin ta koma kishiyar ƙari. Mujallar The New Yorker ta fito da bango baƙi ƙirin, aikin Art Spiegelman da Françoise Mouly, sai ka karkata shi ga haske kafin ka ga inuwar benayen biyu, baƙi a kan baƙi. A watan Maris na 2002 aka kunna fitilu 88 a kusa da wurin, suka tashi sama ginshiƙi biyu na haske, benaye marasa jiki. Empire State ya sake zama mafi tsawo a birnin ba don ya ƙaru ba, ya riƙe matsayin har wajen 2012.

Tun daga nan birnin bai daina samar da irin waɗannan hotuna da kansa ba. A ƙarshen Oktoba na 2012 guguwar Sandy ta kashe wutar kudancin Manhattan, mai ɗaukar hoto Iwan Baan ya hau jirgi mai saukar ungulu ya ɗauko tsibirin rabi yana walƙiya rabi baƙi wuluk, kamar an yanka da wuƙa. A ƙarshen Maris na 2020, tituna ba kowa saboda korona, aka sa kan Empire State yana bugawa da jan haske kamar jiniyar motar asibiti. Masu ginin sun ce girmama ma'aikatan lafiya ne, mazauna da yawa suka ce tsoro ya ba su. A watan Yuni na 2023 hayaƙin gobarar dazukan Kanada ya rufe birnin, sama ta yi jawur, benaye suka dushe, irin ranar da hazon hunturu ya sauka sosai a Kano ko Damagaram har ba a ganin ƙarshen layi, sai dai wannan launinsa na lemo ne. Duk hotunan nan ba wanda ya taɓa su da kwamfuta.

Masu ginin ma sun gane cewa jikinsa allo ne. Tun 1976 ake canza launin fitilun kansa, a 2012 aka sa na zamani masu iya fitar da kowane launi. Tun 2007 yakan yi kore don bikin ƙaramar salla. A 1983, cikar fim ɗin shekara 50, an ɗaura masa wani ƙaton birin roba da ake hura wa iska, iskar sama ta yayyaga shi ya rataye kamar tsumma. A watan Agusta na 2015 aka haska hotunan dabbobin da ke shirin ƙarewa a jikinsa, har da Cecil, zakin da wani mafarauci Ba'amurke ya kashe a Zimbabuwe wata guda kafin nan. Wannan na ƙarshen ya yi ma'ana, domin ya juya labarin 1933: dabba ta sake hawa benen, wannan karon a matsayin mai ƙara.

Yanzu mu zo ga ambaliyar da ake ciki. Photoshop ya fara sauƙaƙa aikin yanka da manne, manhajojin ƙirƙirarriyar basira irin su Midjourney suka ƙarasa shi daga 2022. Ka rubuta jimla ɗaya, ka sami Empire State a cikin hamada, ko kifaye suna iyo tsakanin benaye, ko tsinin ya huda wata. Ba na cikin masu cewa kayan aikin ne matsala. Hoton tashar balan-balan ma da almakashi aka yi shi, kuma cikin masu aiki da kwamfuta akwai masu ido. Abin da ke damuna shi ne mafi yawan hotunan za ka iya cire Empire State ka sa Burj Khalifa na Dubai ko hasumiyar Eiffel, ba abin da zai canza. Gwada haka da zanen Vriesendorp ka gani, nan take zai mutu, domin ya dogara ne da wanda ya yi kishi da wane, a wace shekara, wa ya zo daga baya. Injin yana haɗa abubuwa biyu da ba su saba haɗuwa ba, wannan kam ya iya. Abin da 'yan suriyalizim suke nema shi ne haɗuwar da za ta sosa wani wuri da mutum yake ɓoyewa, kuma kafin ka san inda gari yake ɓoye abinsa sai ka san garin. Akwai kuma gajiyar ido: wanda ya ga bene mai fiffike sau ɗari a rana, na ɗari da ɗaya ba zai tsayar da yatsarsa ba.

Inda salon yake da sauran haƙori a yau shi ne wajen masu zanen gini da ke yi wa kasuwar filaye shaguɓe. A 2017 wani ofishi mai suna Oiio ya fitar da zanen bene siriri da ya tashi sama ya lanƙwaso ya dawo ƙasa a wani filin, wai tunda tsayi ya zama abin sayarwa, bari a gwada tsawo. A shekarar kuma ofishin Clouds ya zana benen da za a rataye daga wani dutsen sararin samaniya, ya sauko kansa a ƙasa, ba ya buƙatar fili sam. Ba wanda zai gina su, amma an san abin da suke nuni da shi: siraran benayen attajirai da suka tsiro a kudu da filin shaƙatawa na Central Park, irin su 432 Park Avenue da aka gama a 2015, da na lamba 111 a layi na 57 wanda tsayinsa ya ninka faɗinsa sau 24, gidaje na miliyoyin daloli da da yawansu masu su ba sa kwana a ciki.

Waɗannan biyun duk sun fi rufin Empire State tsawo, amma har yau ban ga mai zanen da ya kwantar da ɗayansu a gado ko ya ɗora masa biri abin ya zauna ba. Ba su da kafaɗa, ba su da kai, dokar 1916 da ta sassaƙa na da an maye gurbinta tun 1961. Abin da suke yi shi ne tare tsohon. Landan tana da ƙa'idojin da suka hana a gina abin da zai rufe majami'ar St Paul daga wasu wurare da aka ƙayyade; New York ba ta yi wa Empire State irin wannan gata ba. A 'yan shekarun nan wani siririn bene a lamba 262 a titi na biyar ya tashi ya rufe shi daga wajen dandalin Madison Square, inda masu ɗaukar hoto suka saba tsayawa, mutane suka yi ta ƙorafi a jaridu, ginin ya ci gaba da hawa.